Wa ke riƙe da zanen? Aikin hannu na tare da kwanciyar hankali a Zariya

A 'yan shekarun nan maganar kula da kai ta yawaita a bakin matasa, musamman ɗaliban manyan makarantu da ma'aikatan da ke zaune a Samaru da Kongo da Sabon Gari, kuma abin da galibi ake nufi da ita shi ne mutum ya janye jikinsa daga jama'a na ɗan lokaci, ya kashe waya, ya yi barci isasshe, ya saya wa kansa abin da ransa ke so. Babu aibu a cikin wannan, domin hadisi ingantacce ya tabbatar da cewa jikin mutum yana da haƙƙi a kansa. Sai dai riga ce da aka yanka daidai jikin wanda yake da ɗakinsa shi kaɗai da ƙofar da zai rufe da rarar kuɗi a aljihu, alhali mafi yawan mutanen Zariya ba haka rayuwarsu take ba. Matar da ke zaune a gidan yawa cikin birni, tsakanin surukai da facaloli da yara, ba ta da ƙofar rufewa, kuma sau da yawa abin da ke cin ta shi ne rashin wanda za ta buɗe wa cikinta duk da cikar gidan. Saurayin da ya gama karatu ya zauna shekara da shekaru ba aiki, shi hutun ne ma ya yi masa yawa, har ya fara jin cewa ko yana nan ko ba ya nan duk ɗaya ne a wurin mutane.

Ga irin waɗannan, hanyar da ta fi kusa ita ce wadda masana lafiya a ƙasashe da dama suka koma suna nazari a kanta, wato mutane su taru su ƙirƙiri wani abu da hannunsu, ko zane ne ko ɗinki ko saƙa ko ƙawata wani wuri da suke amfani da shi tare. Zariya ba baƙuwar wannan ba ce. Abin da ke buƙatar sharhi shi ne dalilin da ya sa aikin yake sanyaya rai a wani zama, a wani zaman kuma aiki iri ɗaya, da allura ɗaya da zare ɗaya, yake zama ƙarin wahala. Ra'ayina shi ne bambancin yana wurin wanda ke da ta cewa a kan zanen, da wanda ke riƙe da lokacin masu aikin.

Ya kamata a fara da sanin iyakar abin da bincike ya tabbatar. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, da ya yi doguwar jinyar tarin fuka, ya lura cewa zane yana rage masa nauyin kwanciya, sai ya riƙa jawo sauran majinyata cikinsa, kuma shi ake danganta wa raɗa wa wannan hanya sunan art therapy, wato jinya ta hanyar zane, a 1942. A 2019 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na nahiyar Turai ya fitar da rahoton da Daisy Fancourt da Saoirse Finn suka haɗa bayan sun bi bincike sama da 3,000, inda suka nuna cewa waƙa da zane da rawa da sana'ar hannu suna taimakawa wajen rigakafi da wajen kula da masu fama da damuwa da kaɗaici da wasu cututtuka masu daɗewa. Akwai kuma ƙaramin gwajin da ake yawan ambato, wanda aka yi a Jami'ar Drexel ta Amurka aka wallafa a 2016. Mutum 39 sun yi minti 45 suna zane ko mulmula yumɓu, aka auna yawunsu kafin su fara da bayan sun gama, sai aka ga sinadarin kotisol, wanda ke hauhawa idan mutum yana cikin matsi, ya sauka a jikin kusan kashi 75 cikin 100 nasu, gwani da ɗan koyo duka. Amma ba a ware wasu da za su zauna kawai don a kwatanta ba, saboda haka gwajin ba zai iya raba amfanin zanen da amfanin zaman natsuwa ba, kuma yawancin binciken fannin an yi shi ne a Turai da Amurka. Hujjar tana da ƙarfin da za a ce abin yana taimakawa, ba ta kai a ce magani ne ba.

Yadda yake taimakawar ya fi sauƙin fahimta ga wanda ya san tarbiyyar Bahaushe. An rene mu a kan kunya da haƙuri da rufin asiri, halaye masu kyau da suka riƙe gidaje da yawa, amma suna sa ya yi wuya mutum ya zauna gaba da gaba da wani ya ce ga abin da ke hana shi barci. Idan hannu yana aiki lamarin yakan sauya. Idon kowa yana kan allurarsa, shiru ba ya yi wa kowa nauyi domin aiki ya cike shi, magana tana zuwa guntu-guntu, kuma wanda ya faɗi abu mai nauyi yana iya sunkuyawa kan ɗinkinsa ba tare da an tsare shi da tambaya ba. Maimaita motsi ɗaya, soka allura da jan zare, yana kama hankali daidai gwargwado, ya hana shi komawa kan tunanin nan guda da ke ta zagaye a kai. Abin da a ganina ya fi duk waɗannan shi ne a aikin tare kowa yana da kason da ake jira. Wanda aka ba wuyan riga ko kusurwar bango ya san idan bai zo ba aikin zai tsaya, kuma ga mutumin da ya fara jin ba shi da amfani, sanin cewa ana jiran sa ranar Asabar da hantsi ba ƙaramin abu ba ne.

Babu inda waɗannan suka haɗu kamar a daɓe, aikin da yaran yanzu da dama ba su taɓa gani ba. Idan an gama ginin ɗaki, musamman na amarya, sai a gayyaci matan unguwa da dangi, a zuba tsakuwa da ƙasa a baje, a yayyafa ruwa, mata su jeru kowace da madaɓinta suna bugu a tare har ƙasar ta kwanta, sannan a bi ta da ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa don ta yi ƙarfi da sheƙi. Masu gida su dafa abinci, ba a biyan kowa lada, domin gobe ɗakin 'yar wata za a daɓe. Bugun yana tafiya ne da waƙa, wata ta bayar sauran su amsa, kuma a cikin waƙoƙin nan ake sako abin da ba a iya faɗa a tsakar gida, habaici ga kishiya, ƙorafi kan miji marowaci, kewar gida, tsoron haihuwar fari. Wadda abin ya shafa ba sai ta ce ita ce ba, ta dai ɗaga murya a wurin amshi, manyan matan da ke wurin kuwa sun san abin da suka ji, daga baya a ja ta gefe a yi mata magana. Idan ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, a irin wannan taro ake ganin sa a aikace. Siminti ya zo, tayil ya biyo baya, kuma ba wanda zai ce a koma daɓen ƙasa, domin sabon ya fi ƙarko ya fi sauƙin shara. Amma ɗakin da lebura biyu suka shafe a yini ɗaya bai tara kowa ba, kuma ba a samar da abin da ya maye gurbin wancan taron ba. Taron bikin yanzu, da ankonsa da ɗaukar hotonsa, wuri ne da kowace mace ke ƙoƙarin kada a gane halin da take ciki.

A ɓangaren maza gini ya yi irin wannan aiki. Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya jagoranci ginawa a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim a ƙarni na 19, da sunan mutum ɗaya ake ambaton sa, amma bakan gizonsa da tulluwarsa sun fito ne daga hannun masu kwaɓa da masu tubali da masu ɗora azara da ba a ƙirga ba.

Ɗinkin hannu ne ya fi nuna inda matsalar take. Zariya ta yi suna a kan babbar riga, kuma riga ɗaya takan bi ta hannu da yawa kafin ta kai kasuwa, daga mai haɗa yadin, zuwa mai zane da ke fitar da aska biyu ko aska takwas da tambari, zuwa masu ɗinki da ke bin layin zanen, zuwa mabuga da ke buge ta ta yi sheƙi. A da maza ne ke ɗinkin, a zaure ko a inuwar ƙofar gida, da yawansu malamai da almajirai masu haɗa shi da karatu, ana hira ana gyara wa juna. Daga wajen shekarun 1970 mata suka shiga sana'ar daga cikin gidajensu, har ta zama abin da da yawa a birni ke yi wa kansu da 'ya'yansu hidima da shi, kuma a 1994 wasu daga cikinsu suka haɗu a ƙungiyar masu ɗinki da ta ɗauki sunan Sarauniya Amina. Wanda ya ga mata huɗu a tabarma ɗaya, kowace da ɗinki a cinya, zai ce ga maganin damuwa nan a gida, kuma wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa rigar ta ɗan kasuwa ce, shi ya zaɓi zanen, shi ya ba da zaren, shi ya yanka ladan, shi ya sa ranar karɓa, idan Salla ta matso kuma sai a kwana ana ɗinki a hasken tocila. Ladan aikin makonni ba ya kai wahalarsa, ga keken ɗinki da inji mai kwamfuta da ke fitar da zane cikin sa'o'i suna ƙara danne farashi. Abin da mai ɗinkin ke kwasa a nan shi ne ciwon ido da ciwon baya da fargabar kada a ce ta ɓata riga a zabtare mata kuɗi. Kiran wannan kula da kai rashin adalci ne ga mai yin sa, kuma wajibi ne masu shirya tarukan koyar da sana'a da sunan tallafa wa mata su riƙa bambancewa.

Motsin hannun yana nan a aikin lada, zaman tare ma yana iya kasancewa, abin da aka cire shi ne zaɓi. Masu nazarin halayyar ɗan Adam kuwa sun daɗe da lura cewa damuwa mai tsanani tana da alaƙa ta kusa da jin cewa mutum ba shi da iko a kan komai na rayuwarsa. Saboda haka ɗan ƙaramin zaɓi, mace ta ce wannan launi nake so a nan, a saurare ta, a yi gardama, a ƙarshe launinta ya hau, yana taɓa ainihin wurin da ciwon yake. Wannan ne ya sa nake ganin tsara zanen tare ya fi aiwatar da shi tare muhimmanci, ko da zanen da jama'a suka tsara bai kai na gwani kyau ba.

Tarihin Samaru yana da shaida a kan haka. A 1958 ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyarsu, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Manhajar da ake koya musu ta Ingila ce, malaman ma galibi Turawa ne, su kuwa suka riƙa haɗuwa suna duba aikin juna, suna tattauna yadda za su haɗa dabarun da suka koya da gadon zanen gidajensu, har Okeke ya koma kan zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Ba neman lafiya ya tara su ba, kuma ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma ƙarfin gwiwar cewa mu za mu zaɓi abin da za mu zana daga zaman tare ya fito. Shaida ta biyu ta fi kusa da batunmu. Bayan an fara koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, malamai da ɗalibai suka riƙa fita zuwa cikin Samaru da garuruwa irin su Soba da Maska da Bomo. Da farko sukan tattara matsalolin mutane, su koma su shirya wasa, su kawo a kalla. A hankali suka gane cewa manomin da ya ji matsalarsa a bakin ɗalibi ɗan kallo ne kawai, sai aka karkata ga shirya wasan tare da mutanen gari, su ne masu labari, su ne 'yan wasa, su ne masu tsayar da wasa su ce ba haka abin yake ba.

A wajen Nijeriya, misalin da ya fi kama da yanayinmu yana Zimbabuwe. Likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara wani shiri a Harare a 2006, inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka wallafa a 2016, a kan mutum sama da 500, ya nuna waɗanda suka bi ta bencin sun fi samun sauƙi bayan wata shida. Wanda ya yi 'yan zama a bencin ana gayyatar sa cikin da'irar waɗanda suka sha irin abin da ya sha, inda ake saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji ana sayarwa. Jerin abin ya cancanci a lura da shi, sauraro daga wanda aka horar shi ne a gaba, saƙa ta biyo baya don kada mutum ya koma kaɗaicin da ya fito.

Jerin nan yana tuna mana cewa akwai damuwar da zama cikin mutane ke sassautawa, akwai kuma cuta. Wanda ya yi makonni ba barci ba cin abinci, ko mai jegon da ta daina kula da jaririnta tana yawan kuka, ko wanda ke jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko wanda ya fara cewa gara ya mutu, wurinsa asibiti, sashen lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, tare da addu'ar da ba a raba mu da ita. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙin irin waɗannan majinyata, amma likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Wannan ƙaranci shi ke sa da'irar unguwa ta zama mai amfani, shi kuma ke sa ta zama mai haɗari idan aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, don haka duk mai jagorantar irin wannan zama dole ya san alamomin nan, ya kuma san hanyar Shika, inda asibitin koyarwar yake.

Haɗarin da ya fi saurin faruwa shi ne na baki. A unguwannin birni kowa ya san kowa, maganar da aka faɗa a kan tabarma da safe tana iya isa gidan surukai kafin la'asar, kuma mace ɗaya da aka tona wa asiri ta isa ta rufe bakin sauran, shi ya sa sai an yi maganar amana tun ranar farko, an kuma riƙe ta. Gwanin da ba ya iya haƙuri da karkataccen layi, wanda zai karɓe allura ya gyara a gaban jama'a, shi ma yana iya korar ainihin mutumin da aka taru dominsa. Batun hoton mai rai kuwa, wanda ke sa iyaye da yawa ɗari-ɗari da duk abin da aka kira zane, bai kamata ya zama cikas ba, domin zayyanar allo da dagi da adon hula da ƙunshi da saƙar faifai sun ishe mu.

Kayan aikin suna nan cikin gari, a warwatse. Jami'a tana da sashen zane da sashen tsara kayan masana'antu, inda ake koyar da aikin yumɓu da na yadi, cikin birni kuma akwai dattawa maza da mata da suka san ɗinki da zanen bango waɗanda ba wanda ke tambayar su. Makarantun Islamiyya na matan aure sun riga sun samar da wuri da lokacin da mazaje suka yarda da shi, haka ma zumuntar mata a majami'un Wusasa da Sabon Gari. Ɗalibin da zai taho daga Samaru sai ya zo da fenti da dabarar haɗa launi, ya bar zanen a hannun masu wurin.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta kuɗi. Ba za a ce wa matar da ke ɗinki don cefane ta ajiye aikin lada ta zo ta yi na nishaɗi ba, domin talauci kansa yana cikin manyan abubuwan da ke jawo damuwar. Idan kuma aka ce duk abin da da'ira ta yi na sayarwa ne, nan da nan odar ɗan kasuwa za ta shigo, ranar karɓa ta biyo baya, a fara ware masu sauri da masu nawa, a koma inda aka fito. Mafitar da na fi gamsuwa da ita ita ce a raba aikin biyu a fili. Akwai na kasuwa, wanda 'yan da'ira da kansu za su zana, su sa farashi, su raba riba da irin amanar da suka saba da ita a adashe. Akwai kuma aiki guda babba da ba na sayarwa ba, kamar labulen ajinsu ko shimfiɗar da za a riƙa ara wa duk wadda ta haihu a cikinsu, wanda ba shi da ranar gamawa kuma ba a warware ɗinkin kowa a jikinsa. Kuɗin zare da yadin wannan na biyu ƙalilan ne, ana iya cire shi daga ribar na farko, kuma gara a cire shi daga nan da a karɓa daga mai tallafin da zai zo da zanensa da ranar da yake son a ɗauki hoto.